Lissafin Shekara A Gidan Manomi

Ni malamin asibiti ne. Ina aiki a wani ƙaramin ɗakin shan magani a gefen birnin Sakkwato, inda mutanen ƙauyukan bakin fadama su ke kawo marasa lafiyarsu. A kan teburina akwai wani babban littafi, a cikinsa mu ke rubuta sunan kowane mai ciwo, da garinsu, da abin da ke damunsa. Wata rana da la'asar, bayan jama'a sun watse, na ɗauko na bara da na bara waccan ina juyawa, sai na lura da wani abu. Ko da mutum zai sa hannu ya rufe mini kwanan wata, ina iya gaya masa lokacin da aka cika kowane shafi. In na ga tari da ƙunar wuta, na san hunturu ne. In na ga ƙyanda da sanƙarau, bazara ce. In kuwa na ga shafi ya cika maƙil da masassara da gudawa, sunayen kuma duk na ƙananan yara, ba sai an gaya mini ba, marka ce ta sauka.

Watau cuta a ƙasarmu ba baƙuwa ba ce mai faɗowa ba sallama. Tana da lokacinta, kamar yadda shuka da girbi su ke da nasu. To, ga abin mamaki. Ba manomin da zai zauna sai ruwan shuka ya sauka sa'an nan ya fara neman iri, ko ya kai kalmensa maƙera. Amma shi wannan manomin ne za ka ga masassara ta kayar da ɗansa a watan Agusta, ya tsaya yana tafa hannu kamar bai taɓa jin labarinta ba, alhali kuwa bara ma a watan ta zo. Lafiya da ciwo duk na Allah ne, ba mai musun wannan. Amma Wanda ya sa wa damina lokaci, shi ne ya ba mu hankalin gina rumbu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ku lura, watanninmu na Musulunci suna zagayawa, kowace shekara su kan matso da kamar kwana 11. Saboda haka Azumi ya kan faɗa yau a bazara, bayan 'yan shekaru a hunturu. Sauro kuwa bai san Rajab ba, ruwa ya sani. Don haka a wannan darasi da yanayi za mu yi lissafi, da kuma watannin boko.

KAKA

Shekarar maigida daga kaka ta ke farawa, gama a nan ne kaɗai ya ke da abin lissafi a hannunsa. An yanke gero, an ɗaure dammuna, wake ya bushe, an ciro gyaɗa. Mai tsoron Allah ya fid da zakka, dami ɗaya cikin goma in hatsin ya kai nisabi. Daga nan sai masu bin bashi su iso, ga bikin aure, ga suturar iyali, ga kasuwa tana kira. Hatsi kuwa bai taɓa araha kamar a kaka ba, bai kuma taɓa tsada kamar a tsakiyar damina ba. Wanda ya sayar a Nuwamba, shi zai koma ya saya a Yuli da kuɗi mai yawa, daidai lokacin da ciwo ya fi yawa a gida, aljihu kuma ya fi bushewa.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, rumbu biyu gare shi. Babban a ke ci tun daga kaka. Ƙaramin kuwa liƙe shi ya ke yi da laka, ba mai taɓa shi sai an yi noman farko. Muna yara mun ɗauka rowa ce. Sai da na fara wannan aiki, na ga yaran da a ke kawo mini a watan Agusta, ƙafa kamar sillen kara, sa'an nan na gane abin da tsohon ya ke tsare mu da shi.

Yau ni ma haka na ke yi, gwargwadon 'yar gonata da ɗan albashina. In an gama girbi mu kan shimfiɗa tabarma da dare, ni da uwargida, mu ƙidaya bakunan da ke gida, da kwanon da a ke ci kowace rana, mu ga ko abin da ke rumbu zai kai mu sabon gero. Sa'an nan mu ware akuya guda, mu ce wannan ta asibiti ce. Ba a yanka ta don suna, ba a sayar da ita don Salla. Wanda ba shi da akuya ya ware dami biyu ko uku, ko 'yan kaji, ko kwasa ɗaya ta adashi. Ba yawan abin ba ne, a dai san an sa masa suna.

Kada ku sayar da wake duka. Tuwo da fura suna cika ciki, amma wake da gyaɗa da nono da ƙwai su ke gina jikin yaro. Wajen ajiyar wake kuwa sai a yi hattara. Waɗansu su kan jefa ƙwayar maganin ƙwari cikin buhu, su jingine shi a ɗakin da a ke kwana. Iskar da ke fita daga wannan ƙwaya guba ce, tana iya kashe mutum yana barci, yara kuwa su ta ke fara ɗauka. Abin da ya fi shi ne a shanya waken ya bushe ƙarau, a zuba a buhun nan mai riɓi uku, leda biyu a ciki, a ɗaure kowace dabam. Ko kuwa a cika jarka ko duro har baki a toshe. In iska ba ta shiga, ƙwarin da kansu za su mutu, ba sai an sa komi ba. Gyaɗar da ta yi fumfuna, ko ta yi ɗaci, a zubar, kada a ce za a yi ƙuli da ita, gama tana ɓata hanta a hankali. Mata kuma su shanya kuka da zogale da rama da yakuwa a inuwa, su adana kabewa, don ranar da ɗanyen ganye zai yi wuya.

IZINI KAFIN TAFIYA

Mutanen ƙasar Sakkwato an san su da cin rani tun kaka da kakanni. Da an kai amfani gida, sai samari da magidanta su ɗaure kaya, wani Kano, wani Ikko, wani Kurmi, sai ruwa ya kusa su komo. Neman halal ne, ba abin zargi ba. Amma akwai abu guda da a kan manta a bari a gida, kuma ba ya cin ko sisi.

Wata shekara da bazara wata mata ta shigo mini da yaro ɗan shekara biyu a goye. Ƙyanda ta feso masa, idanu sun rufe da kwantsa, numfashi sama sama. Na duba na ga abin ya kwana biyu. Na ce, "Baiwar Allah, me ya hana ki kawo shi tun farko?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Malam, maigida ya tahi cin rani tun kaka, bai ce in hita ba. Mun yi ta kiran wayatai, ba ta shiga." Kwana biyar tana kallon ɗanta yana narkewa, ga asibiti tafiyar da ba ta kai awa guda a babur ba, sai da wan mijin ya zo daga wani gari ya ce ta tafi. Muka aika da su babban asibiti. Yaron ya rayu, amma ido ɗaya ya yi hakiya, ba ya gani da shi har yau. Ban ga laifin matar ba. Biyayya ta yi. Na tabbata kuma da mijin yana nan, da kansa zai saɓo yaron.

Saboda haka, ya kai mai niyyar tafiya, kafin ka sa ƙafa waje ka kira matarka a gaban mahaifiyarka, ko wanka, ko liman, ka faɗa da bakinka kowa ya ji: in yaro ya yi ciwo, ko ciki ya motsa, ko ranar allura ta zo, ta tafi asibiti, ba sai an neme ka ba. Ka bar kuɗin a hannunta. Ka yi magana da wani mai babur amintacce wanda zai tashi ko da tsakar dare ne. Wannan magana ba ta fi minti biyu ba.

HUNTURU

Daga Disamba zuwa Fabrairu iska ta kan taso da ƙura da sanyi. Mura da tari na wannan lokaci yawanci suna wucewa da kansu, in an rufa yaro an ba shi abu mai ɗumi. Wanda a ke tsoro shi ne ciwon haƙarƙari. Ga yadda za ku gane shi. In yaro yana kwance shiru, a buɗe ƙirjinsa a ƙidaya numfashinsa na minti ɗaya. Daga wata 2 zuwa shekara guda, in ya kai 50, ya yi yawa. Daga shekara guda zuwa 5, in ya kai 40, ya yi yawa. In kuma ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja numfashi, to, ba sauran jira.

Kaskon wuta kuma a yi hankali da shi. Kowane hunturu sai na wanke ƙunar mai rarrafe. Kada a kwana da garwashi a ɗakin da aka toshe ƙofa da taga, gama yana fid da wata iska marar wari mai sa mutum ya zarce daga barci. In an ƙone, a zuba ruwan sanyi mai tsabta a kai a daɗe ana zubawa, kada a shafa kashin shanu ko toka ko man birki.

Yanzu ne kuma hannu ya ke da sarari. A haƙa masai, a yi masa murfi, a nisanta shi da rijiya kamar mita 30, watau wajen taku 40 na babban mutum. A ɗaga bakin rijiya a yi mata daɓe. In an haƙi ƙasar gini kusa da gida, a tuna ramin nan shi ne kududdufin damina mai zuwa, a cike shi.

BAZARA

Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato ba sai an ba kowa labari ba, ma'auni ya kan wuce 40. Wannan shi ne lokacin sanƙarau, kuma ba ya lafawa sai ruwa ya sauka. A 1996 ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu. A 2017 ya sake dawowa, ya ɗauki rai fiye da 1,000, mafi yawa a Zamfara da Sakkwato da Katsina. Ta numfashi a ke ɗaukarsa, shi ya sa ya fi son ɗakin da mutane suka cunkushe ba taga. Alamarsa zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, da ciwon kai mai tsanani, da sanƙarewar wuya, da amai. Jariri kuwa maɗigarsa ta kan kumbura, ya ƙi nono. Wannan ciwo da awa a ke lissafinsa, ba da kwana ba. Wanda aka kai da wuri ya kan warke, wanda aka yi wa jinkiri in ya tsira ma ya kan kurmance. A 2024 Nijeriya ce ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai tsare mutum daga iri biyar na ƙwayar sanƙarau. In kun ji shela an zo yin ta, ku fita da iyalinku.

Ƙyanda, wadda a ke kira baƙon dauro, allurarta biyu ce, ɗaya a wata 9, ɗaya a wata 15. Yawancin iyaye mata suna ƙoƙari da allurar haihuwa, da ta mako 6, da 10, da 14, sa'an nan su ɗauka an gama. Ba a gama ba. Ku ɗauko katin kowane yaro tun hunturu, a kawo mu duba. Kuma kada a ɓoye mai ƙyanda a ɗaka a hana shi abinci. Yaron da ƙyanda ta raunana, ga yunwa, ga baki ba tsabta, shi ne cutar noma ta ke kamawa. Sunanta ya yi kama da na aikin gona, amma ba abin da ya haɗa su. Daga gyambo a dasashi ta ke farawa, da wari, da kumburin kunci, cikin 'yan kwanaki ta zaizaye fuska. Akwai asibiti musamman dominta a nan birnin Sakkwato tun 1999. In an kama ta tun tana dasashi, magani kaɗan ya isa.

Wata tambaya da mata su ke yi mini kowace bazara ita ce, ashe jariri ba zai sha ruwa ba a wannan zafi? Amsa ita ce, kafin ya cika wata 6 nono ya ishe shi, gama mafi yawan nono ruwa ne, kuma mai tsabta. Uwar ce za ta yawaita sha, ta yawaita ba shi.

DAMINA

To, mun zo inda aikin ya ke. Ruwa ya kan kafu a Yuni, ya yi ƙarfi a Agusta, ya ɗauke wajen ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Abu uku su ke haɗuwa a kan gida a lokaci guda: sauro ya yi yawa, ruwan sha ya gurɓace, rumbu ya yi ƙasa. Ga shi kuma kowa yana gona.

Sauro a ruwan da ke kwance ya ke ƙwai, cikin kwana 10 ko ƙasa da haka ƙwan ya zama sauro mai tashi. Mai kawo masassara da dare ya ke cizo. Saboda haka gidan sauro mai magani tun Mayu a ke fid da shi, a ɗinke inda ya yage, a ɗaura. Ba a yi shi don shingen rani ko kamun kifi ba, ko da ya ke na sha ganinsa a can. In bai isa kowa ba, mai ciki da ƙananan yara su ne a gaba.

Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da wata dabara don ƙasashe irin namu, inda masassara ke da lokaci. Ma'aikata su kan bi gida gida sau ɗaya a wata, wata huɗu a jere, daga wajen Yuli zuwa Oktoba, suna ba yara maganin rigakafi, daga ɗan wata 3 zuwa wanda bai cika shekara 5 ba. Su za su ba da na ranar farko da hannunsu, su bar wa uwa na rana ta biyu da ta uku. A nan ne a ke samun kuskure. Wata ta manta, wata ta ajiye wai sai yaron ya yi ciwo, wata ta raba wa 'ya'yan kishiya don kada a ce ta yi son kai. Duk ɓarna ce. Kwana uku cif, kowane yaro da nasa, kowane wata. Maigida kuma ya bar umurni a buɗe musu ƙofa ko yana gona.

In duk da haka jiki ya yi zafi, a zo a gwada jini. Ɗigo ɗaya ne daga yatsa, cikin kamar minti 20 an sani. In masassara ce, maganin na kwana uku ne, safe da yamma, a shanye shi duka ko da yaro ya tashi yana wasa a rana ta biyu. Amma in yaro yana jijjiga, ko ya kasa shan nono, ko yana amayar da komi, ko ba ya farkawa sosai, ko tafin hannunsa ya yi fari fat, a tashi nan take. Wannan ita ce ranar akuyar asibiti.

Ruwan sama ya kan kwashe ƙazantar bayan gari ya zuba a rijiyar da ba ta da baki, daga nan sai gudawa, wani lokaci har kwalara. A 2021 kwalara ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu, Sakkwato na cikin jihohin da ta taɓa. Ba gudawar ce ke kisa ba, ƙarewar ruwan jiki ce. Don haka kowane gida ya ajiye garin gishiri da sukari na asibiti, wanda a ke kira ORS, tun kafin damina. In babu, a sami ruwa lita ɗaya wanda aka tafasa ya huce, watau cikin ledar ruwan sayarwa biyu, a zuba sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali. Kada gishirin ya wuce haka. A riƙa ba mai ciwo kaɗan kaɗan ba fasawa, ana tafiya asibiti ana ba shi. Yaro kuma a karɓa masa ƙwayar zinki ta kwana 10, kada a janye masa nono ko abinci. Ruwan sha a tafasa, ko a sa maganin tsarkake ruwa, a rufe randa, a ware mata moɗa guda. A wanke hannu da sabulu bayan an fito masai, da kafin a taɓa abinci.

Tamowa kuwa a wannan lokaci ta ke bayyana, musamman ga wanda aka yaye farat ɗaya aka bar shi da kunu tsararo. In da hali, kada a sa yaye a tsakiyar damina. A riƙa dama kunun da gyaɗa ko garin wake, a ɗiga mai, a ba yaro sau huɗu ko biyar a yini a kwanonsa shi kaɗai, gama in an haɗa shi da yayyensa, kafin ya kai loma biyu sun suɗe. Muna da wani ɗan zare mai launi uku da mu ke auna damtse da shi. In ya nuna ja, watau ƙasa da santimita 11 da rabi, ko ƙafafu biyu sun kumbura, yaron yana bukatar abincin asibiti. Abincin nan magani ne, ba na kasuwa ba ne, ba kuma na sauran yara ba.

Kada wani ya ce ai haka damina ta ke tun fil azal. Dattawanmu sun san lokacin da kurkunu ke kwantar da majiya ƙarfi daidai lokacin noma, gona ta cika da ciyawa mai ita yana kallo. Da tace ruwa da gyaran rijiyoyi aka kore shi, har aka tabbatar a 2013 babu shi a Nijeriya. Yaran yanzu ko sunansa ba su sani ba.

Saura mai ciki. Amaryar da aka kai ɗaki a kaka, sau da yawa haihuwarta ta fari a tsakiyar marka ta ke faɗawa, lokacin da hanyar fadama ta zama taɓo. Mutanen kwarin Rima ba su manta da Satumba ta 2010 ba, sa'ad da ruwa ya yi ambaliya tun daga wajen Goronyo, ya ci gonaki da gidaje, ya yanke har hanyar da ke zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ba sai ruwa ya kai haka ba ya ke raba ƙauye da asibiti, rafi guda ya isa. Saboda haka ta fara zuwa awo da wuri, ta karɓi maganin ƙarin jini da na rigakafin masassara, a ƙidaya mata watanni. In watan haihuwa ya faɗa Agusta ko Satumba, garinku kuwa yana ƙetaren ruwa, a nemi gidan dangi kusa da asibiti tun yanzu, ta koma can da saura mako biyu ko uku, tare da wata babbar mace da za ta zauna da ita.